Ɗanka ya ce zai tafi aikin sa kai a ƙasar waje: a bar shi ko a hana shi?

Wannan tambaya ta fara shigowa gidajenmu. Yaro yana jami'a, hutu ya zo, sai ya ce zai je wata ƙasa shi kaɗai, ya koyar da yara a ƙauye ko ya taimaka a sansanin 'yan gudun hijira, kuma ba albashi. Abin da uba ɗan kasuwa zai fara cewa shi ne, "To, ina ribar?" Uwa kuma ta ce, "Wa ya sani a can?"

Duka tambayoyin biyu suna da hujja. Amma mu tuna yadda aka yi muka zo nan. Tun 1916 aka kafa Sabo a Ibadan, kuma waɗanda suka cika ta fataken goro da shanu ne da suka baro gida da ƙuruciya. Baƙo ya sauka wurin mai gida, a ba shi ɗaki, a tsaya masa a ciniki, alhali ba a san ubansa ba. Da alherin wasu muka zauna da gindinmu a kudu. Ashe bashi ne a kanmu, kuma ba laifi ɗanmu ya biya shi a wata ƙasa.

A Suratul Ƙasas an ba mu labarin Annabi Musa (AS). Ya isa Madyana shi kaɗai, a gajiye, ba wanda ya san shi. Ya tarar da mata biyu sun ja gefe da dabbobinsu saboda cunkoson makiyaya, sai ya shayar musu bai nemi komai ba, ya koma inuwa ya roƙi Ubangijinsa. Daga wannan aikin ya samu masauki da sana'a da iyali. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ribar irin wannan tafiya a halin yaro take fitowa. A gida ana tashinsa sallar asuba, ana ajiye masa tuwo, ana raga masa don darajar mahaifinsa. A can shi zai tashi kansa, shi zai lissafa guzurinsa, shi zai nemi alƙibla. Sunan Alhaji wane ba ya aiki a inda ba a taɓa jin sa ba. Wanda ya riƙe salla da amana a wurin da ba mai ganinsa sai Allah, gobe za ka iya bar masa shago ka tafi aikin hajji hankali kwance. Ko gwamnatin Najeriya, tun 1987 take tura malamai da likitoci aikin sa kai na shekara biyu zuwa wasu ƙasashen Afirka da Karebiyan.

Sai dai ba kowace tafiya ce mabuɗin ilmi ba. Akwai hadisin da ya yi gargaɗi kan tafiyar dare mutum shi kaɗai, don Musulunci bai yarda a jefa rai cikin haɗari ba. Mun san yaran da aka yaudara da alkawari, suka bi ta Agadas zuwa Libiya, har yau ba labari. Don haka kafin ka sa albarka, ka binciki ƙungiyar da za ta karɓe shi. Ka ga fasfo da biza da tikitin dawowa da idonka. Ka san garin da zai sauka da masallacin da ke kusa, in akwai zango ka haɗa shi da sarkinsa. Batun 'ya mace kuwa yana da nasa hukunci, a tuntuɓi Malam Liman.

In waɗannan sun cika, yaron kuma ka san niyyarsa, kada tsoro kaɗai ya sa ka tare shi. Kai ma wani ne ya sa maka albarka a tasha, ya juya yana share hawaye.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci