Zango Ba Gida Ba Ne

Karatu: Farawa 11:27 zuwa 12:9, Ibraniyawa 11:8-16

Yau za mu yi tafiya tare, daga garin Dinder na ƙasar Sudan har bakin Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya tashi a ƙasar a 2023 wannan hanya ta ga wahala mai yawa, saboda haka a zuci za mu bi ta. Amma duwatsu da koguna suna nan inda Allah ya ajiye su, kuma hanyar tana da abin da za ta koya mana. Ka ajiye Littafi Mai Tsarki kusa da kai, gama za mu buɗe shi kafin mu sauka.

Wataƙila ka ce, me ya haɗa ni da Sudan? A ƙauyuka da yawa na Dinder, da Jazira, da bakin Shuɗin Nilu, idan ka yi sallama da Hausa za a amsa maka da Hausa. Kakannin waɗannan mutane sun taso daga Kano, da Sakkwato, da Katsina, da Damagaram, suna nufin Makka, tun kafin jirgin sama ya yawaita. Da ƙafa suka bi ta Barno da Wadai da Darfur, wasu a kan jaki, wasu a kan raƙumi. Inda guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi noma ko ƙodago, su tara ɗan abin da za su ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru. Wasu sun isa sun komo, wasu kuwa zangonsu ya yi tsawo har suka haifi 'ya'ya da jikoki a wurin.

Kogin Dinder daga tuddan Habasha yake gangarowa. Da damina yakan cika ya tumbatsa, da rani kuwa sai ya zama rairayi da 'yan tafkuna nan da can. Kudu maso gabas da garin, wajen iyakar Habasha, akwai babban gandun namun daji da aka keɓe tun 1935. Goruba ce ta yi layi a bakin kogin, dushe da aduwa suka rufe fili, ɓauna da gwanki da zabi suna sauka shan ruwa a tafkunan rani. Ɗan ƙasar Hausa da ya ga wurin ba zai ji baƙunta ba, gama itatuwan gidansu ne.

Daga Dinder mu haye Shuɗin Nilu a Singa, mu juya arewa. Kafin mu kai Sinnar za mu bi ta wani gari mai suna Mai Wurno. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja sauran jama'ar har suka iso bakin wannan kogi bayan 'yan shekaru, Fulani da Hausawa tare. Garin da suka kafa sunansa ya ci.

Gaba kaɗan sai Sinnar. Nan ne sarakunan Funj suka kafa gadon sarautarsu a 1504, suka yi mulki fiye da shekara 300, har sojojin Masar suka karɓe birnin a 1821. Fatake daga Masar da Habasha da bakin teku sukan haɗu a kasuwarsa. Idan ka nemi fadar sarakunan nan, kufai kawai za a nuna maka da tarin fasassun tubala. Ka riƙe wannan a ranka, za mu komo kansa.

A Sinnar ɗin ne kuma aka gama babbar madatsar ruwa a 1925, wadda ta shayar da filin Jazira da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Daga nan zuwa Wad Madani ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, magudanan ruwa sun ratsa ta a miƙe, an noma auduga da alkama da gyaɗa da dawa iyakar ganin ido. Hannun Hausawa ya tsinci auduga mai yawa a gonakin nan. Da yawansu sun zauna a unguwannin 'yan ƙodago da ke gefen gonaki, waɗanda ake kira kambo. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna tare da su, ya rubuta littafi a kansu a 1995. Abin da ya tarar shi ne, har jikokin da aka haifa a wurin, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ko Makka ba, suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanya.

Mafi yawan waɗannan 'yan'uwa namu na harshe Musulmi ne, bangaskiyarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Duk da haka halin nan nasu ya isa ya sa mai bin Yesu ya tambayi kansa. Mutum ya yi shekara 60 a wuri ɗaya, ya yi gona, ya aurar da 'ya'ya, amma bai manta cewa ya taso ne domin ya kai wani wuri ba. Kai fa, ka tuna inda ka nufa?

A Wad Madani mu sake haye kogi mu yi gabas zuwa Gadarif, ƙasar baƙar laka mai ba da dawa da riɗi da ruwan sama kaɗai. Mu wuce madatsar Hashmul Girba a kan kogin Atbara, sai ga duwatsun Taka sun taso a gabanmu, sumul-sumul, kamar an kifa manyan tulu. A gindinsu garin Kasala yake, da lambunan mangwaro da lemo da ayaba a bakin kogin Gash. Sababbin ango da amarya a Sudan sun daɗe da mai da Kasala wurin hutawarsu. Nan matafiyi yakan zauna a gindin dutse a zuba masa gahawa mai citta a ɗan ƙaramin kofi, iska mai sanyi tana kaɗawa, har ya ji kamar kada ya tashi.

To, buɗe Littafin Farawa sura 11. Yawancinmu mun san Ibrahim ne ya bar Ur ta Kaldiyawa, amma aya 31 ta nuna mana cewa mahaifinsa Tera ne ya ɗebi iyalin, kuma ƙasar Kan'ana suka nufa. Da suka kai Haran sai suka zauna. Littafi bai faɗa mana dalili ba. Abin da ya faɗa shi ne, Tera ya yi shekara 205 a duniya, a Haran kuma ya mutu. Ya fara tafiya da kyau, ya yi nisa, amma zango ya zame masa gida. Ibrahim kuwa yana da shekara 75 ya tashi daga Haran bisa ga maganar Ubangiji. Ya shiga ƙasar alkawari, ya yi arziki da shanu da azurfa da zinariya, amma cikin alfarwa ya ƙare kwanakinsa. Filin da ya saya da kuɗinsa, a kan shekel 400 na azurfa, shi ne na kogon Makfela inda ya binne Saratu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta bayyana mana asirin zuciyarsa: yana sauraron wani birni ne mai tushe, wanda Allah da kansa ya tsara ya kuma gina.

Ɗan'uwana, Haran ba mugun wuri ba ne, kamar yadda Kasala ba mugun wuri ba ne. Abin da ke tsai da masu bi da yawa a hanya ba kullum zunubi ne mai muni ba. Sau da yawa albarka ce. Ka yi addu'a Allah ya ba ka aiki, ya ba ka, yanzu aikin ya cinye lokacin addu'ar. Ka roƙi gida, ka gina, yanzu saboda taku biyu na iyakar fili ka daina gaisawa da ɗan'uwanka, alhali kuwa a teburin Ubangiji ɗaya kuke cin jibi. An ba ka muƙami a ikilisiya domin ka yi hidima, yanzu ka gwammace ikilisiya ta rabu biyu da a ce wani ya hau kujerar. Wanda ya san cewa da asuba ayari zai tashi ba ya faɗa a kan inuwar da zai kwana a zango.

Mu ci gaba. Bayan Kasala ƙasa takan bushe, sai makiyayan Beja da raƙumansu. Mu wuce Haya, mu hau tuddai zuwa Sinkat, daga nan hanya ta yi ta lanƙwasa tana gangarowa tsakanin duwatsu har idonka ya faɗa kan shuɗin teku. Ga Sawakin. Shekaru ɗaruruwa nan ne babbar ƙofar Sudan zuwa teku, nan maniyyata sukan shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Attajirai sun gina gidaje masu hawa biyu da uku a kan tsibirin, da dutsen murjani da aka haƙo daga teku, da tagogin katako masu sassaƙa. Amma da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Fot Sudan a 1909, ciniki ya koma can. Ba yaƙi ne ya rushe Sawakin ba. Masu gida ne suka tashi, ba mai yaɓe, ba mai gyara, gidajen suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Sinnar ta faɗi a hannun sojoji, Sawakin ta faɗi domin kasuwa ta kauce mata. Hausawa suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kada kuma mu ce wannan labarin dā ne. A watan Yuli da na Oktoba 2022 rikicin fili ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, ɗaruruwan mutane suka mutu, aka ce wa waɗanda kakanninsu ke kwance a ƙasar su baƙi ne. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Mutanen Kartum suka gudu zuwa Wad Madani, a Disamba 2023 Wad Madani ma ta faɗi. A tsakiyar 2024 yaƙin ya kai Singa da Dinder, mutane suka bi ta cikin laka da ruwan damina suna neman Gadarif da Kasala, tsofaffi da masu goyo, da ɗan abin da kai zai iya ɗauka. Sojoji sun karɓe Dinder a Oktoba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025, amma yaƙin ya riga ya raba mutum fiye da miliyan 10 da gidajensu. Hanyar da muka bi muna kallon lambu da duwatsu, ita ce ta zama hanyar gudun hijira.

Wataƙila kai da ke karanta wannan ka san irin wannan dare. Wataƙila ka bar ƙauyenku a Barno, ko Zamfara, ko kudancin Kaduna, ko Filato, kana kwana a ɗakin aro. Ina so ka ji wannan da kyau: abin da aka ƙone zango ne. Hasarar gaskiya ce, hawayenka kuma Ubangiji ya gan su, gama shi kansa an gudu da shi Masar yana jariri, ya kuma yi hidimarsa ba shi da ɗakin kansa. Amma gādon da aka ajiye maka a sama, wuta ba ta kai wurin. A Yohanna sura 14 Yesu ya yi wa almajiransa alkawari zai je ya shirya musu wuri, zai kuma komo ya ɗauke su. Da Toma ya ce ba su san hanya ba, sai Yesu ya nuna masa cewa shi kansa ne hanyar. Fatake sukan ce madugu uban tafiya. Madugunmu ya riga ya bi ta cikin mutuwa ya fita da rai, ba kuwa zai bar ko ɗaya daga cikin ayarinsa a daji ba.

Zama matafiyi ba ya nufin ka naɗe hannu. Annabi Irmiya, a sura 29, ya aika wa Yahudawan da aka kai bauta Babila cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi zaman lafiyar garin. Ka yi noma, ka sa yara a makaranta, ka biya bashi, ka zauna lafiya da maƙwabcinka Musulmi da Kirista. Sai dai ka riƙe kome da buɗaɗɗen hannu. Alamar da za ka gane ko ka riƙe shi haka ita ce yadda kake karɓar baƙo. Wanda ya san shi ma baƙo ne a duniya ba ya rufe ƙofa ga ɗan gudun hijira, ba ya kuma tambayar kabilarsa kafin ya ba shi ruwa.

Ka tambayi kanka yau: mene ne Haran ɗina? Wane abu ne idan Ubangiji ya ce in tashi in bar shi, zan yi masa gardama? A cikin makon nan kuma ka nemi iyali ɗaya da rikici ya kora zuwa garinku, ka kai musu mudun hatsi ko tabarma, ka zauna ka ji labarinsu. Idan kuwa ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, ba ka shiga ayarin ba tukuna. Ka tuba, ka gaskata da shi yau, ka nemi ikilisiya mai koyar da Maganar Allah kusa da kai.

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka domin kyawawan wuraren da kake saukar da mu a hanya. Ka tsare zukatanmu kada su manne wa zango. Ka ji tausayin mutanen Sudan, na Dinder da Jazira da Darfur da sauran wurare, ka kawo ƙarshen yaƙi, ka ciyar da mayunwata, ka ta'azantar da masu makoki. Ka ba mu zuciyar karɓar baƙi. Ka riƙe hannunmu har mu shiga birnin da ka shirya mana. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.