Tukuicin Na Waye?

Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici. Sai dai a al'adarmu ɗan aiken da ya kawo kyauta shi ake ba tukuici, ba mai kyautar ba. Mu marubuta ya kamata mu riƙa tuna wannan duk sa'ad da 'yan makaranta suka aiko mana da wani abu: wasiƙa a takardar da aka yago daga littafin rubutu, zanen raƙumi da fensir, ƙullin ƙuli-ƙuli, ko faifan da wata yarinya ta ɗinka.

Tambaya ta farko, ya dace mu karɓa? Wasu na ganin abin kunya ne mai albashi ya miƙa hannu ga yaron da ko takalmi ba shi da shi. A ganinmu ƙin karɓar ya fi muni. Ɗauki yaran Anka da Bukkuyum. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Yargalma. Tun daga nan duniya ta san yaran yankin a matsayin masu jiran magani da tallafi. Yaron da ya miƙo kyauta yana nuna cewa shi ma yana da abin bayarwa. In muka mayar masa, ko muka yi saurin cusa masa kuɗi kamar ciniki muka yi, mun ƙwace masa wannan girman.

Tambaya ta biyu, wa ke da tukuici? Yaro bai san marubuci ba sai da wani ya shigo aji da littafi, sau da yawa kwafi ɗaya tilo, ya karanta da murya mai daɗi, sannan ya ce, "Ku rubuta masa." Ɗan aiken ke nan: malami. A Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, an rufe makarantun Zamfara, an kuma katse layukan waya. Mu da ke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun ga iyakar sana'armu, domin ba intanet ba manhaja. Da aka sake buɗe makarantu, malami ne ya ɗauki alli ya koma aji, yana sane da abin da ya faru.

Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan Gummi da ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma karɓi lambar Sarki Faisal a 1987, ya taɓa koyarwa a Maru. Babu wanda ya san me malamin ƙauye zai zama, balle yaran da ke gabansa.

Don haka "na gode" a Facebook bai wadatar ba, tunda yaran ba za su gani ba. Mu rubuta amsa a takarda, wadda malami zai karanta a gaban aji. Mu aika masa kwafe goma maimakon ɗaya. Mu rubuta wa yara littattafai da Hausa. In albashinsa ya makara, mu sa bakinmu da alƙalaminmu. Kyautar ta yara ce, mu karɓa da hannu biyu. Tukuicin kuwa na malami ne, kuma bashi ne a kanmu.