Sai Masu Gida: To, Ina Haƙƙin Baƙo?

Mai karatu, ka saba ganin sharhin fim a wannan shafi, amma a wannan watan ka yi mani uzuri, ƙwallon ƙafa za mu taɓa. Ai sinima da filin wasa 'yan kallon su ɗaya ne. Yaron da ya kalli fim da yamma a gidan kallo na Gude, shi ne zai dawo da daddare ya zauna a kan bencin nan dai ya kalli Arsenal. Tambayar da na ke so mu tattauna ita ce: idan jama'a su ka haɗu a ƙarƙashin suna ɗaya, su na cewa "mu", sai wasu daga cikin su su ka yi ɓarna da wannan sunan, shin wanda bai ɗaga hannu ba ya na da kaso a cikin laifin? Misalin da za mu auna da shi kuwa shi ne abin da ya samu Kano Pillars a kakar wasa ta 2021/22.

Bari mu fara tuna ko wace ce Pillars. An kafa ta a 1990. Ta ci gasar Nijeriya sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afrika, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Ita ce ta fito da Ahmed Musa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2009/10. Abin da Kanawa su ka fi taƙama da shi ma ya wuce kofunan: daga 2003 har zuwa 2015, shekara goma sha biyu cur, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan gasar Nijeriya, sai da Nasarawa United ta karya lagon da ci biyu da ɗaya. Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ya samu abin tsayawa a kai.

To, sai ga kakar 2021/22. Ƙungiyar ta daɗe ba ta gida. Tun da aka maida filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata wurin killace masu cutar korona a 2020, wasannin ta na gida su ka koma Kaduna. Sakamako bai yi kyau ba, ta na ta lilo a ƙasan tebur. Magoya baya su ka dinga cewa ai rashin gida ne, a dawo da mu Kano a ga aiki. A watan Afrilu na 2022 aka dawo, wasan farko da maƙwabta, Katsina United. Fili ya cika ya batse. Ƙwallo ta ƙi shiga raga. Hankali ya tashi, aka tsayar da wasa kafin lokaci ya cika, sannan wasu su ka far wa motar baƙi su ka farfasa gilasan ta. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta zabge mata maki 3, ta kuma kore ta daga filin da ta daɗe ta na kewar sa. Ba a gama da wannan ba, a watan Yuni, a wasan ta da Dakkada, hukumar ta samu shugaban ƙungiyar na lokacin da laifin kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, ta kore shi daga harkar gasar. Da kaka ta ƙare a watan Yuli, Rivers United ta ɗauki kofi, ita kuwa Pillars ta gangara rukunin 'yan dagaji tare da MFM, da Heartland, da ita kan ta Katsina United ɗin.

Ka ga labari irin wanda idan marubuci ya kawo wa furodusa zai ce an cika gishiri. Gidan da ake jira ya ceci ƙungiya, rana ɗaya tak aka yi a cikin sa aka sake kulle shi, kuma masoya ne su ka jawo.

Yanzu ga ƙorafin da za ka ji a majalisa, kuma ƙorafi ne mai nauyi, bai kamata a yi watsi da shi ba. Mutumin Gude da ya ji wasan a rediyo ya na bakin shagon sa, me ya yi? Wanda ya biya kuɗin mota ya bi hanyar Gwarzo ya shiga Kano, ya sayi tikiti, ya zauna lafiya ya tashi lafiya, me ya yi? Mai sayar da rake da mai ruwan leda na bakin filin, da su ka rasa cinikin ranar wasa, wa su ka jefa? 'Yan wasan fa, da su ka yi gumi su ka tara makin da aka zabge? Dubban mutane ne a filin, masu jifan ba su taka kara sun karya ba idan aka auna su da sauran. Kowa ya san a shari'a laifin wani ba ya hawa kan wani. Ga shi kuma ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, ke nan tarar da aka ci, daga aljihun da ake gina aji da asibiti za ta fito, har da rabon ƙaramar hukumar Kabo a ciki. Idan ka tsaya a nan, sai ka ce an yi zalunci.

Amma mai karatu, saurari yadda mu ke magana. Ba na jin akwai mai goyon bayan Pillars da ya taɓa cewa "'yan wasa goma sha ɗaya sun fitar da Al Ahly". Cewa ake yi "mun fitar da Al Ahly". Wanda bai taɓa taka leda ba, wanda bai san hanyar Alƙahira ba, wanda a 2009 ya na firamare, duk "mun ci" su ke cewa, kuma babu mai musa masu. Gaskiya su ka faɗa, domin ƙungiya ba ta tsaya a kan 'yan wasa kaɗai ba. Ihun 'yan kallo ya na ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, ya na karya gwiwar baƙo. Shekara goma sha biyun nan, da mutanen kan benci aka yi ta. To, tunda da mu aka ci, ranar da aka fasa mota ta yaya za mu koma cewa "su"? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan "mu" ɗin da ka ke sha daɗin ta ranar nasara, ita ce dai ake kira ranar kunya, kuma ba a raba ta biyu.

Ban ce laifin ɗaya ne ba. Wanda ya ɗauki dutse laifin sa na kan sa, kuma kamata ya yi a kama shi da sunan sa a kai shi gaban alƙali. Shugaban da ya daki jami'in wasa ya fi shi nauyin laifi, don shi ake kallo. Idan babba ya ɗaga hannu, me za ka ce wa yaro? Amma akwai mataki na uku, wanda yawancin mu mu ke kai. Mai jifa ba ya jifa sai ya tabbata na kusa da shi ba zai riƙe masa hannu ba. Ya san idan ya koma unguwa za a ce masa namiji. Ya sha jin manya a majalisa su na cewa duk alƙalin da ya hana mu fenariti a gida ba zai fita lafiya ba, ana dariya. Wanda ya yi wannan dariyar bai yi jifa ba, amma ya taya share wa jifan hanya. Abin da ke kan sa bai kai na kotu ba, ya dai kai na ya ji kunya ya gyara bakin sa.

Daga ina wannan hali ya samo asali? A nan ne sana'ar mu ta shigo. Duk wanda ya san kasuwar finafinan Hausa ya san tsoron da furodusa ke ji na ƙarshen da zai ɓata wa 'yan kallo rai. Jarumi ya sha wuya, an yarda, amma a ƙarshe dole ya auri yarinyar, dole bos ya tozarta. Idan ka shekara goma ka na ba mutum irin wannan ƙarshen, ranar da ka sauya zai ce ka cuce shi. Haka nasarar gida ta yi wa Ƙofar Mata. Yaron da ya fara zuwa fili a 2003 ya zama magidanci bai taɓa ganin an ci Pillars a wasan gasar Nijeriya a gaban sa ba. Sai nasara ta tashi daga abin da ake nema ta koma gado. Shi kuwa gado, wanda ya hana ka shi ɓarawo ne. Shi ya sa canjaras a gida ya ke zama kamar sata a idon wasu, su fara neman wanda za su kama, ko alƙali ko baƙo.

Abin mamaki, iyayen mu da su ka kalli Sholay a sinimomin Kano sun ga Amitabh ya mutu a ƙarshe, sun fito da hawaye, kuma har gobe su na yabon fim ɗin. Mu ma a gidan kallo ana lallasa Manchester United ko Barcelona, a yi wa mutum tsiya, ya shanye, ya tafi gida. Ashe mun iya rashin nasara. A kan tamu ce kawai mu ke mantawa. Wasan da aka san ƙarshen sa tun kafin a busa usur kuwa, ina daɗin sa? Idan baƙo ba shi da ikon ci, cin da ka yi masa ma ba shi da daraja.

Za ka ce ai mu ma haka ake yi mana idan mun je waje, alƙalai su danne mu, 'yan kallo su tsorata mu. Kowa ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya a gasar Nijeriya, kuma ƙorafi a kan alƙalanci ba yau aka fara ba. Amma tuna watan Maris na 2015. Motar Pillars ta na kan hanyar Owerri, 'yan bindiga su ka buɗe mata wuta a wajajen Abaji, 'yan wasa biyar su ka ji rauni, har da Gambo Mohammed. Kano gaba ɗaya ta girgiza. Duk wanda ya ji zafin wannan rana ya san abin da ake nufi da ɗan wasa ya na cikin mota a garin da ba nasa ba, gilashi ya na fashewa a kan sa. Waɗanda ke cikin motar Katsina ma 'ya'yan wasu ne, abinci su ka fito nema.

Kuma kar ka raina jifa. A Port Said ta Masar, a 2012, bayan wasan Al Masry da Al Ahly ɗin nan da mu ke alfahari da fitarwa, sama da mutum 70 su ka mutu, aka soke gasar ƙasar ta wannan kakar. A Heysel a 1985 mutum 39 su ka mutu, aka hana dukkan ƙungiyoyin Ingila shiga gasar Turai shekara biyar, har da waɗanda ba su je wurin ba. Hukuncin ya yi ɗaci, amma hikimar sa a fili ta ke: taron da babu mai iya sanin kowa a cikin sa, ba mai tsare shi kamar na ciki. Idan na kusa da kai ya san dutsen ka zai ci masa maki uku, zai riƙe hannun ka.

Mu dawo kan kirarin. A Hausa, wane ne mai gida? Ka san yadda ake yi a Gude ko Garo ko Getso idan baƙo ya sauka. A ba shi ruwa kafin a tambayi abin da ya kawo shi, a shimfiɗa masa tabarma mai kyau, idan zai tafi a taka masa. Idan wani abu ya same shi a zauren ka, ko da ba kai ka yi ba, sunan gidan ka za a kira, kuma ba za ka tsaya ka na cewa ai yaron maƙwabta ne ba. Baƙon ka annabin ka, in ji Hausawa. Ke nan wanda ya kira kan sa mai gida ya ɗauki alƙawarin cewa baƙo zai shigo lafiya ya fita lafiya. A cikin fili a yi masa ruwan ƙwallaye idan an iya, wannan halas ne. Da an busa tashi ya koma amana.

Pillars ta dawo babbar gasa a 2023, tare da Katsina United da Heartland, abokan faɗuwar ta. Da darasin ya zauna, da a nan zan tsaya. Sai dai a watan Oktoba na 2025, Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen lokaci a Ƙofar Mata, wasu su ka sake kutsawa cikin fili su ka far wa alƙalai da baƙi. Aka sake zabge maki 3, aka ci tarar naira miliyan 9 da rabi, aka maida wasannin gida zuwa Katsina. Masu gida su ka koma neman masauki a garin da aka fasa wa mota. Abu ɗaya da ya yi kyau a wannan karon shi ne Ahmed Musa, wanda aka naɗa babban manajan ƙungiyar a shekarar, ya fito ya nemi afuwa da sunan ƙungiya, alhali bai jefi kowa ba. Ya ɗauki "mu" ɗin da nauyin ta.

Kai da ke Gude ba ka da iko da ƙofar filin Sani Abacha, amma ka na da iko da filin firamare, inda ake buga wasan gari da gari bayan an gama aikin gona. A can yara ke koyon ko ana barin baƙi su tafi da kofi, ko kuwa sai an bi su da duwatsu har bakin titi. Ranar da aka ci ku a gida, ka tashi ka raka su har inda motar su ta ke, ƙannen ka su na gani. Su ne za su cika Ƙofar Mata nan da shekara goma.