Idan Mai Keke Ya Yi Mana Sallama da Magariba

A watan Mayun 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya ɗaure kayansa a bayan keke ya nufi Masar neman karatu a Jami'ar Azhar, don ba shi da kuɗin jirgi. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har ya shiga Chadi, wajen kilomita 4,000 cikin wata huɗu. Sau uku jami'an tsaro suka tsare shi, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. A Chadi ne wani ɗan jarida ya yaɗa labarinsa, jama'a suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, Azhar kuma ta ɗauki nauyin karatunsa.

To, mu tambayi kanmu. Da baƙo irinsa zai jingine kekensa a ƙofar masallacinmu nan Limawa ko Unguwar Daji da magariba, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, ko Hausa ba ya ji, me za mu yi da shi? Tabarma za mu shimfiɗa masa, ko taron dangi za mu yi masa?

Mai mota yana wuce ƙauye goma bai gaida kowa ba. Mai keke kuwa ba ya iya ɗaukar ruwan da zai kai shi kwana biyu. Taya za ta yi faci, sarƙa za ta tsinke, dare zai riske shi inda bai san kowa ba. Kullum abincinsa da makwancinsa suna hannun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Shi ya sa irin wannan tafiya ba ƙarfin ƙafarsa kaɗai take aunawa ba, har da halin duk garin da ya yada zango.

Mu kuwa ai mun fi kowa sanin wannan. Minna ƙasar Gwari ce. Da layin dogo na Baro zuwa Kano ya biyo ta nan, wanda aka kammala a 1911, kakanninmu suka zo, wasu leburori, wasu mahauta, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai. Baƙi ne, aka ba su wuri suka zauna. Kafin su, fataken da ke zuwa Salaga a ƙasar Gonja sayen goro sun dogara da mai masauki a kowane zango. Alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekaru suka yi a hanya suna cin tuwon mutanen da ba su san yarensu ba. Addininmu ma ya sanya matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutum takwas da ake ba zakka, ko da mai arziki ne a garinsu.

Wani zai ce, "Malam, wancan zamani daban." Gaskiyarsa. Ba mu manta da ɗaliban Kagara da aka sace a Fabrairun 2021 ba, balle yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayun wannan shekarar. Mun san ɓarnar infoma, mai shiga gari da fuskar salihai yana ƙirga gidaje. Uban da ya ƙi buɗe zaurensa don tsoron abin da zai sami iyalinsa ba mugu ba ne.

Amma mu tuna Uromi. A Maris 2025, a Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan arewa da ke kan hanyar komawa gida Kano, aka zarge su da satar mutane, aka kashe 16 nan take. Waɗanda suka yi wannan ta'asa su ma tsoro suka kafa hujja da shi. Ranar nan mun yi kuka mun ce me ya hana a bincika. To, abin da muka nema wa namu a garin wasu, shi ne hakkin baƙo a garinmu.

Bincike daban, hukunci daban. Tsoro ya ba mu damar tambaya, bai ba mu damar duka ko wulaƙanci ba. A fara ba shi ruwa, don moɗar ruwa ba ta buɗe wa ɓarawo ƙofa. A kai shi wurin mai unguwa, a ga fasfonsa, a ji inda ya fito da inda za shi. In hankali ya kwanta, ya kwana a zaure ko harabar masallaci, da safe a nuna masa mai faci. In bai kwanta ba, a miƙa shi ga 'yan sanda da mutuncinsa, ba tare da yara sun bi shi da ihu ba.

Ba mu ce ba za a taɓa yaudararmu ba. Wata rana za mu ciyar da wanda bai cancanta ba, mu yi asarar kwanon tuwo. Wannan asara ana mayar da ita. Jinin wanda bai ji ba bai gani ba kuwa, ba a mayar da shi. Kuma a daren nan da muke magana, akwai ɗan unguwar nan da ke sallama a ƙofar wani a Kwatano ko Agadas. Allah ya haɗa shi da mutanen kirki, mu ma ya sa mu zama su.