Sa'ad da Rijiya Ta Ƙafe

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

A cikin kowace ekklesiya akwai waɗanda Allah ya ba baiwar tsara magana. Wani mai wa'azi ne, wani mai rubutu, wata kuwa ita ke shirya wa Zumuntar Mata sababbin waƙoƙi. Amma akwai ranar da irin waɗannan su kan zauna da takarda da alƙalami, su rasa ko kalma ɗaya. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba kome. Sa'an nan Shaiɗan ya kan raɗa musu cewa Allah ya janye hannunsa. Waɗansu sun ajiye aikin Ubangiji don kunya a irin wannan lokaci, ba su kuwa koma ba. Dominsu mu ke wannan magana.

Mu dubi annabi Iliya. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu daga gaban Yezebel, ya shiga jeji, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa har sau biyu. Sai bayan tafiyar kwana 40, a Dutsen Horeb, ya ba shi sabon aiki. Ashe gajiyar bawan Allah ba zunubi ba ce. Rijiya ta kan ƙafe da rani, ba a kuwa cike ta da ƙasa sabo da haka.

To, me za mu yi kafin ruwa ya dawo? Shawararmu ita ce, idan kai ya tsaya, a ba hannu aiki. Waɗansu 'yan'uwa sun sami taimako wurin saƙa da zaren ulu, ko da allura biyu, ko da kwarashi. Kada kowa ya rena wannan. Matan Isra'ila sun kaɗa zare da gashin awaki domin alfarwa ta sujada. Manzo Bulus ma ya yi aikin tanti a Korinti tare da Akila da Biriskila. A lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918, a asibitocin Ingila, an koya wa sojan da suka ji rauni ɗinki da saƙa, don hankalinsu ya kwanta.

Saƙa tana koya mana abu uku.

Na fari, ba a yin ta sai madauki ɗaya bayan ɗaya. Mai kwarashi ba ta ɗaukar riga duka a bakin ƙugiyarta. Madaukin da ke gabanta kaɗai ta ke ja. Mai wa'azin da ya gaji yana ɗauke da nauyin shekara guda a kansa, alhali kuwa aikin yau kaɗai aka ba shi.

Na biyu, idan saƙa ta karkace, a kan warware ta a sāke, zaren kuwa bai ɓace ba. Tsoron kuskure shi ne ya kan ɗaure alƙalami. Wanda ya saba warware saƙa ba ya jin tsoron yaga takarda ya soma daga fari.

Na uku, abin da aka saƙa na wani ne. Hular jariri, da safa, da suwaita ta tsohuwa a lokacin hunturu, dukansu suna juya tunaninmu daga kanmu zuwa ga maƙwabci. Sa'ad da Dokas ta mutu a Yafa, riguna ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka. A shekarar 1998 waɗansu mata biyu a birnin Hatfod na Amurka suka soma saƙa mayafi domin marasa lafiya da masu makoki, suna yi musu addu'a sa'ad da su ke saƙar. Aikin ya bazu cikin ekklesiyoyi masu yawa. Wanda bakinsa ya rasa kalmomin addu'a, yana iya riƙe sunan mutum ɗaya a zuciya har ya kai ƙarshen layi.

Amma ga gargaɗi. Kada zare ya zama kogon ɓuya. Ubangiji bai bar Iliya a kogo ba, ya ce masa ya koma. In waƙa ta taso a zuciya sa'ad da hannu ke aiki, sai a ajiye allura a rubuta ta nan da nan.

Ku dattawan ekklesiya kuma, in mawaƙiyarku ta yi shiru, kada ku matsa mata, kada ku yi gaggawar ba wata gurbinta. Ku gaishe ta, ku yi addu'a tare da ita, ku jira.

Ubangiji wanda ya ciyar da Iliya cikin jeji, shi ƙarfafa hannuwanmu, shi cika rijiyarmu a lotonsa. Amin.