"Umarni Aka Ba Ni": Shin Ya Isa Hujja?

'Yan uwa, yanzu da ake ta muhawara a Najeriya kan bai wa kowace jiha 'yan sandanta, mu da muke neman abinci a garin wasu ya kamata mu leƙa ƙasar da ta daɗe da irin wannan tsari, wato Barazil.

A can, kowace jiha cikin 26, haɗe da yankin babban birni, tana da rundunar da ake kira 'yan sandan soja. Su ke sintiri a titi, su ke kwantar da tarzoma. Binciken laifi kuwa aikin wata runduna ce daban ta farar hula. Tsarin mulkin 1988 ya sa su ƙarƙashin gwamna, amma ya ce dakarun ko-ta-kwana ne ga sojan ƙasa. Muƙamansu na soja ne, daga kurtu har kanar. Asalinsu ya koma 1809, lokacin da gidan sarautar Fotugal da ya yi hijira zuwa Rio de Janeiro ya kafa dogarai masu tsarin soja. Ta jihar Sao Paulo tun 1831 take.

Tsarin soja yana da amfani, domin ranar tarzoma ba a son runduna mai gardama. Sai dai shi soja abokin gaba aka koya masa fuskanta, ɗan sanda kuwa maƙwabcinsa yake fuskanta. Ranar 2 ga Oktoba 1992 rikici ya ɓarke a kurkukun Carandiru da ke Sao Paulo. Rundunar ta shiga, aka kashe fursunoni 111, ba ɗan sanda ko ɗaya da ya mutu. A 2001 kotu ta yanke wa kwamandan, Kanar Ubiratan Guimarães, ɗaurin shekara 632, amma a 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, a kan cewa aikinsa ya yi.

To, alhakin rayukan nan yana wuyan wa? Kurtu zai ce kanar ne ya umarce shi, kanar ya ce doka ce ta aike shi. Idan muka karɓi wannan, mutum 111 sun mutu ke nan ba wanda ya kashe su.

Mu kawo misalin gida. Maigida ya ce wa yaron shagonsa ya buga gindin mudu ya lotsa, don awo ya ragu. Yaron yana tsoron kora, ga iyaye a ƙauye suna jiran aike. Kowa zai tausaya masa, kuma laifin maigida ya fi girma nesa ba kusa ba. Amma matar da aka tauye wa awo, hannun yaron ne ya tauye ta. Tsoro yana rage nauyin laifi, ba ya wanke shi. Idan haka ne a kan mudun gero, ina ga ran ɗan Adam?

Wani zai ce, idan kowane kurtu zai auna umarni kafin ya bi, ai runduna ta watse. Gaskiya ne a kan yawancin umarni: tsaya nan, tare can, kama wancan. Amma harbin wanda ya ɗaga hannu ba ya buƙatar dogon tunani kafin a gane zalunci ne. Su kansu 'yan Barazil sun ga haka, shi ya sa a 1996 suka yi doka cewa ɗan sandan soja da ya kashe farar hula da gangan, kotun gama-gari ce za ta yi masa shari'a, ba ta soja ba.

Don haka idan zancen 'yan sandan jiha ya zo, kada mu tsaya a kan ko muna so ko ba ma so. Mu tambaya: idan sun yi ɓarna, gaban wa za su gurfana? Baƙon da ba shi da kowa a gidan gwamnati, za a saurari ƙararsa? Masu 'ya'ya a cikin kaki kuma, ku riƙa tuna musu cewa kaki na hukuma ne, amma yatsan da ke kan kunamar bindiga nasu ne.

Allah ya ba mu shugabanni adalai, ya kiyaye mu daga zalunta ko a zalunce mu.