Gwangwanin da Bai Zama Giya ba Tukuna, da Buhun Dawarmu

A kantunan Ingila da Ostireliya da Amurka ana sayar da wani gwangwani da ya kamata mu zauna mu yi magana a kansa, ko da yake da wuya ka gan shi a nan Sabo. Nauyinsa kilo 1.7 ne ko kusa da haka. Abin da ke ciki ruwa ne mai kauri kamar zuma, wanda aka tatso daga tsiron sha'ir, aka dafa shi da furen wata shuka mai ɗaci da suke kira hof. A ƙarƙashin murfin akwai ɗan ƙunshin yis. Mai saye zai kai gida ya juye a bokiti, ya ƙara sukari da ruwa har lita 23, ya barbaɗa yis ɗin ya rufe. Bayan kamar mako guda ya ɗura a kwalabe, ya ƙara jiran mako biyu. Shi ke nan, giya ta samu, kwalba arba'in da 'yan kai. Kamfanin Coopers na birnin Adeled ya yi suna da wannan sana'a.

Dokar ƙasashensu ta yarda. Ingila ta daina neman lasisi daga mai yin giya a gida tun 1963. A Amurka sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba baligi damar yin galan 100 a shekara, gida mai manya biyu ko fiye kuma galan 200, muddin ba na sayarwa ba ne.

Mu dai hukuncin shan giya ba abin muhawara ba ne a wurinmu, an gama wannan tun a makarantar allo. Abin da ya ja hankalinmu wani ne daban. A ranar da mai kanti ya miƙa gwangwanin nan ya karɓi kuɗinsa, babu ɗigon barasa a ciki. Ko mutum ya shanye shi tas, iyakarsa zaƙi ya gundure shi, cikinsa ya ɓaci. Sai yis ya ci sukarin nan sannan barasa ke fitowa, yis ɗin kuwa ɗan'uwan wanda matanmu ke sa wa fanke ne, mai biredi ma da shi yake kwaɓi. To, mai kantin nan giya ya sayar ko kuwa?

Amurkawa sun taɓa buga wannan wasa. Daga 1920 zuwa 1933 ƙasar ta haramta yin giya da sayar da ita. Masu gonakin inabi na Kalifoniya sai suka fara daskarar da ruwan inabi kamar bulo suna sayarwa, da takardar gargaɗi a jiki, wai idan ka narka shi a ruwa kada ka kuskura ka ajiye shi a tulu kwana ashirin, don zai koma giya. Ka ji fa. An faɗa maka yadda ake yi, da sunan an hana ka. Haka nan aka riƙa sayar da ruwan tsiron sha'ir a gwangwani wai don masu gasa biredi. Kowa ya san abin da ake ciki, mai saye da mai sayarwa har da ɗan sandan da ke wucewa. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Kan gwangwanin nan, mu a ganinmu, magana ba ta da tsawo. Abu ne da aka ƙera don aiki guda, hoton kofin giya na jikinsa, hanyar haɗawa na rubuce a bayansa. Mai cewa "ni ba giya na sayar ba" yana wasa da kalmomi ne kawai, kuma shi kansa ya sani.

Inda maganar ta zo mana gida shi ne buhun dawa. A farkon 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giya na ƙasar nan suka koma ga dawa da masara. Tun daga lokacin wani kaso na dawar da ake nomawa a Arewa, wadda ake lodawa a Dawanau da sauran kasuwannin hatsi a gangaro da ita Kudu, a tukunyar giya take ƙarewa. Tun kafin kamfanoni ma, masu burkutu da dawa suke yi. Wa ke noma ta? Wa ke aunawa, wa ke dillanci, wa ke tuƙa tirela kwana biyu a hanya, wa ke sauke buhunan a Bodija? Mu ne, ko 'yan'uwanmu. Mun saba mu yi tir da mashaya idan mun wuce ta gaban gidan giya, alhali wataƙila abin da ke cikin kwalbar ta sikelinmu ya bi.

Malamai ba su bar wannan ba. Hadisin da ya la'anci giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Daga nan malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. An ruwaito Imam Abu Hanifa ya sassauta, bisa hujjar cewa saɓon ba ya cikin abin da aka sayar, sai bayan ya sāke ya zama wani abu da aikin wani mutum; manyan almajiransa biyu ba su bi shi a nan ba. Shi kuwa Imam Al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya raba hanyoyin da ke kai wa ga ɓarna gida uku. Akwai wadda kowa ya yarda a toshe, kamar haƙa rami a hanyar da jama'a ke bi. Akwai wadda kowa ya yarda ba a toshewa, ya ba da misali da noman inabi, don ba wanda ya taɓa hana shuka shi saboda tsoron giya. Sai ta tsakiya, inda aka yi saɓani.

Saboda haka manomin da ke can gida babu komai a kansa. Dawa tuwo ce, kunu ce, abincin dabba ce, a nan Kudu ma Yarbawa na yin ogi da ita. Mai awo da ke sayar da kongo biyu ga matar da bai sani ba, shi ma ba a ɗora masa binciken abin da ke cikin kicin ɗinta ba. Idan aka ce sai ka san ƙarshen kowace ƙwaya kafin ka sayar, kasuwa ta tashi. Mai sukari ma sai ya rufe shago.

Wahalar tana wurin dillalin da ake kira a waya a ce ana son tirela biyar ta dawa fara, a kai wuri kaza. Nan ma abin ba a fili yake ba kamar yadda masu zafin wa'azi ke ɗauka. Kamfanonin da ke yin giya su ne ke yin Maltina da Malta Guinness da muke rabawa a wurin suna da ɗaurin aure, Milo ɗin yaranmu ma ana sa masa tsiron dawa. Mai saye sau da yawa ɗan tsakiya ne, yana kai wa wannan yana kai wa wancan. Dillali na iya rantsewa bai san inda kayansa za su ƙare ba, kuma ya yi gaskiya.

Amma rashin sani iri biyu ne, kuma a nan muke so mu tsaya. Akwai wanda bai sani ba don babu hanyar sani. Akwai kuma wanda ya shirya wa kansa rashin sanin: ya ga sunan da ke kan takardar oda ya kau da kai, ya ce wa yaronsa "kai ka yi magana da su, kada ka gaya mini", ya hana direba faɗin ƙofar da ya sauke kaya. Wannan na biyun bai da bambanci da mai bulon inabi na Kalifoniya. Ya rubuta wa kansa takardar gargaɗi ne ya manna a goshi, don ranar da zuciyarsa ta tambaye shi ya nuna mata. Mutum ba ya gudun jin amsa sai in ya riga ya san ta.

Za a ce, "In ban sayar ba wani zai sayar, giyar kuma ba za ta ragu da kwalba ɗaya ba." Gaskiya ne, ba za ta ragu ba. Sai dai ba a taɓa ɗora mana rage giyar Ibadan ba. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, muna zaune da maƙwabta masu addininsu da al'adarsu, wasu na sha, dokar jiha ba ta hana su ba, kuma zaman lafiyar da iyayenmu suka gina a nan fiye da shekara ɗari bai ginu kan leƙa kofin mutane ba. Abin da aka tambaye mu shi ne hannunmu da aljihunmu. Cewa wani zai yi, ai kowane mugun ciniki ana iya wanke shi da wannan sabulun.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, ita ce ta farashi. Manyan masu sayen nan suna ɗaga darajar dawa, manomi a ƙauye na samun abin aurar da 'yarsa. Ba za mu raina wannan ba. Amma idan za a faɗi amfanin, a faɗi ɗaya gefen: tsadar nan ita ce mai tuwo-tuwo a bakin tasha ke biya, ita da magidancin da ke auna kongo ɗaya kullum.

Sannan nauyin ba ɗaya ba ne a kan kowa, ko da yake mun fi son mu sauke shi kan wanda ba ya iya mayar da magana. Alhajin da ke da rumbu uku da abokan ciniki ashirin, in ya bar oda ɗaya riba ce ta ragu, ba tukunyar gidansa ce ta sauka ba. Ɗan dakon da ake biya kan kowane buhu ba shi ya ƙulla cinikin ba, bai ga takarda ba, in ya ƙi ɗauka ranar ba zai ci ba. Direba ma motar ba tasa ba ce. Duk da haka a majalisa za ka ji ana zunɗen yaron da aka gani yana sauke kaya a ƙofar kamfani, mai kayan kuwa yana sahun gaba an shimfiɗa masa darduma. In za a yi tambaya, daga mai sa hannu a takarda ya kamata a fara.

Abin da za mu roƙi iyayenmu dillalai da shugabannin 'yan hatsi bai da yawa. Idan babbar oda ta zo, a tambayi mai saye sau ɗaya, a fili, ina za a kai. In ya ce na abincin kaji ne ko na masu kayan shayi, a ɗauki maganarsa, ba a ce a bi motar a baya ba. In ya ce na giya ne, to an sani, sai mutum ya yanke wa kansa da idonsa biyu, ko ya je wurin malamin da ya yarda da shi ya faɗi maganar yadda take, ba tare da ya rage mata komai ba. Kaka ta kusa, nan da 'yan makonni sabuwar dawa za ta fara sauka, wayoyin kuma za su fara shigowa.